Jiragen Soja da Suka Faɗi a Bakin Tashi: Daga Yaƙin Hitila zuwa Ejigbo

Duk lokacin jigilar alhazai, mutanen Gwadangaji da Ambursa da Zauro sukan ga jirage suna ɗagawa daga filin Sir Ahmadu Bello. 'Yan rakiya na tsaye bayan shinge, jirgi ya juya a bakin titi ya tsaya, injuna su yi ruri, ya saki birki ya zabura. Da zarar tayoyinsa sun bar ƙasa sai ka ji ana "Allah ya sauke su lafiya," kowa ya nemi motarsa. Hankalin ɗan rakiya ya riga ya tafi wurin sauka. Shi kuwa matuƙin da ke ciki, a daidai lokacin ne gumi ya fi keto masa, domin a minti biyu ko ukun farko jirgi ya fi nauyi, ya fi kusa da ƙasa, kuma bai samu gudun da zai kāre kansa da shi ba.

Tankuna cike suke da mai, injuna na aiki da iyakar ƙarfinsu. Kafin a motsa, matuƙa kan lissafa wani gudu na musamman. Idan inji ya mutu kafin a kai shi, sai a taka birki a tsaya. Idan an wuce shi, ragowar titin ba zai isa tsayawa ba, dole a ɗaga a nemi dabara a sama. Lissafin ya dogara da nauyin jirgi, da tsawon titi, da zafin gari. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun abin riƙewa sosai, inji ma ba ya shaƙar abin da ya ishe shi. Shi ya sa jirgin da zai tashi daga Birnin Kebbi da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yake cin titi fiye da wanda zai tashi da asuba a cikin hunturu. Jirgi mai inji huɗu an ƙera shi yadda zai ci gaba da hawa in ɗaya ya mutu. In biyu suka mutu a gefe guda, sai gwani, sai kuma sa'a. Uku kam, babu masana'antar da ta ƙera jirgi domin wannan rana.

Wannan lissafi ɗaya ne ga jirgin alhazai da na soja. Abin da yaƙi ke ƙarawa shi ne mutumin da ke tsaye bayan matuƙi da igiyoyi a kafaɗa yana cewa a ƙara kaya, a ƙara mutane, a tashi yanzu, gyaran ya jira a dawo. In kuma abin ya ɓaci, shi ne dai mai ikon cewa kada a faɗa wa kowa.

Kano ta san jirgin soja kafin ta san na fasinja. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na rundunar sojin saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A lokacin abin kallo ne kawai. Bayan shekara 15 hanyar da suka bi ta zama jijiyar yaƙi. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙin, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, su biyo Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da ake kira N'Djamena yanzu, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Alƙahira, tafiyar da ta kusa kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma kafin a gama an bi da jirage sama da 5,000 ta wannan hanya.

Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta 1940. Nijar da Dahome kuwa suka tsaya tare da gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Wato mutumin Kamba ko Kangiwa, in ya tsallaka iyaka ya nufi Gaya ko Dosso cin kasuwa, ya shiga ƙasar da Turawan Birnin Kebbi ke yi wa kallon ta abokan gaba, alhali 'yan'uwansa ne a can. Jamusawa sun san darajar hanyar: a watan Janairu 1942 wani jirginsu guda ɗaya ya ratso Sahara ya jefa bama-bamai a Fort-Lamy, ya ƙone ma'ajiyar mai. Amma abokan gaban yau da kullum su ne ƙurar hunturu da ke rufe gari, da yashin da ke cin inji, da guguwar damina, da zafin da ke sa jirgi mai nauyi ya ƙi rabuwa da ƙasa. An yi asarar jirage da matuƙa a hanya, kuma jaridun lokacin ba su da izinin ƙidaya su. Kamfanin Pan American na Amurka ya zo a 1941 ya faɗaɗa filayen Kano da Maiduguri, leburorin ƙasar nan suka yi aikin da diga da kwando.

Su ma 'ya'yan Arewa da aka ɗiba soja sun ɗanɗana jirgin dakon kaya a Burma. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, daga sama ake jefo mata abinci da harsashi da jiragen Dakota. Bataliyoyin Nijeriya uku kuma aka haɗa su da dakarun Janar Orde Wingate, aka kai su bayan layin Japanawa a 1944. A daren farko na wannan aiki, 5 ga Maris, kafin a zo kan 'yan Nijeriya, kowane Dakota an ɗaura masa jirage marasa inji guda biyu ya ja, su ma an loda musu fiye da ƙima. Igiyoyi suka yi ta tsinkewa, da yawa ba su kai inda aka nufa ba, dole aka koma jan ɗaya-ɗaya. Wingate kansa bai ga ƙarshen aikin ba, ya mutu ranar 24 ga watan lokacin da jirginsa ya daki tsauni bayan ya tashi daga Imphal.

Shekarar 1943 ita ce ta fi nuna yadda abin yake, domin a cikin wata uku an yi haɗurra uku da kowannensu ya ishi darasi. Na farko ranar 14 ga Yuni, a Mackay ta Ostireliya. Wani tsohon jirgin jefa bom ƙirar B-17, da ya sha harbi aka mayar da shi na jigila, ya ɗebi sojojin Amurka da suka gama hutu zai mayar da su Port Moresby. Ya tashi da asuba cikin hazo da mutum 41, ya yi ƙasa-ƙasa yana juyawa, ya faɗi a Bakers Creek. Mutum ɗaya ya rayu. Hukumar tace labarai ta rufe maganar, iyalai a Amurka aka gaya musu 'ya'yansu sun mutu a yankin tekun Fasifik, ba tare da bayani ba. An shafe shekaru da dama kafin su san inda abin ya faru da yadda ya faru.

Na biyu shi ne wanda duniya ta fi sani. Daren 4 ga Yuli, jirgin Liberator ɗauke da Janar Władysław Sikorski, firaministan gwamnatin Poland mai gudun hijira kuma babban kwamandan sojojinta, ya tashi daga Gibraltar zai koma Landan. Daƙiƙa 16 ya yi a sama ya faɗa teku. Matuƙin kaɗai, Eduard Prchal ɗan ƙasar Czech, ya tsira, ya ce sitiyarin ya ƙame a hannunsa. Kwamitin binciken Ingila ya yarda cewa abin sarrafa hawa da sauka ya maƙale, amma bai iya faɗin dalili ba. To, ga mutumin da wata uku kafin nan ya nemi a binciki kisan hafsoshin Poland a dajin Katyn, har Stalin na Rasha ya yanke hulɗa da gwamnatinsa. Wa zai hana mutane magana? An zargi Rasha, an zargi Ingila, an zargi wasu 'yan Poland ɗin. Sai da aka tono gawarsa a 2008, likitoci suka ce raunukan irin na haɗarin jirgi ne. Ko wannan bai kashe zancen ba, domin amsar ta zo bayan shekara 65.

Na uku ya fi ban tausayi, don waɗanda suka mutu ko jirgin ba su hau ba. Asubahin 7 ga Satumba, sojojin Ostireliya na bataliya ta 2/33 na zaune cikin manyan motoci a ƙarshen titin jirgi a Port Moresby, suna jiran a kwashe su zuwa fagen daga a Nadzab. Wani Liberator na Amurka cike da mai da bama-bamai ya zabura a kan titin, ya kasa hawa, ya daki bishiya, ya afka kan motocin. Mai ya kama, harsasai da gurneti da ke jikin sojojin suka riƙa fashewa. Ma'aikatan jirgin 11 da 'yan Ostireliya sama da 60 suka mutu. Waɗanda suka tsira aka loda su a jirage aka wuce da su yaƙi, aka kuma hana a yi maganar.

Bayan yaƙin jirage suka ƙara girma, adadin gawarwaki ya bi su. Ranar 18 ga Yuni 1953, saura mako shida a tsagaita wuta a Koriya, wani ƙaton jirgi mai hawa biyu ƙirar C-124 ya tashi daga Tachikawa kusa da Tokyo da sojojin Amurka da suka gama hutu. Inji ɗaya na hagu ya kama wuta, matuƙa suka juya za su koma, gudu ya ragu, jirgin ya kife cikin gona minti uku bayan tashi. Mutum 129, babu wanda ya fita. Shi ne haɗarin jirgi na farko a tarihi da ya ci rai sama da 100. A Saigon kuma, ranar 4 ga Afrilu 1975, ana gudun faɗuwar birnin, wani C-5 ya ɗebi marayu da masu kula da su. Yana cikin hawa makullan ƙofar baya suka saki, ƙofar ta fice ta tsinke wayoyin sarrafa jela. Matuƙin, Kyaftin Dennis Traynor, ya juyo da shi da ƙarfin injuna, ya faɗi a gonar shinkafa kafin titi. Mutum 138 suka mutu, 78 daga cikinsu yara. Bincike ya gano an taɓa ciccire sassan makullan don gyara wani jirgin, aka mayar ba daidai ba. A Gander ta Kanada, 12 ga Disamba 1985, sojojin Amurka 248 da ke komawa gida daga aikin kiyaye zaman lafiya a Sina'i suka mutu tare da ma'aikata 8. Kwamitin bincike ya rabu biyu kan musabbabi, mafi rinjaye suka ce ƙanƙara a fukafukai. Amma an gano abu guda da ya shafi kowane jirgin soja: an lissafa kowane soja a nauyin fasinja na yau da kullum, wajen kilo 77, alhali da kayan jikinsa ya kusa kilo 100.

Nijeriya ta sayi jiragen Hercules C-130H guda shida a tsakiyar shekarun 1970, zamanin kuɗin mai, daga baya ta ƙara uku masu dogon jiki. Jirgi ne mai inji huɗu na farfela, mai haƙuri, yana sauka a titin ƙasa, yana ɗaukar kaya wajen tan 19. Daga watan Agusta 1990, da Nijeriya ta jagoranci dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOMOG zuwa Laberiya, waɗannan jirage ne ke safa da marwa tsakanin Ikko da Freetown da Monrovia, su kai sojoji da abinci, su dawo da masu rauni da gawarwaki. A gida kuma Naira na faɗuwa ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, kayan gyara kuwa da dala ake sayensu.

Cikin wannan yanayi ne ɗaliban babban kwas na Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Jaji, wadda ke tsakanin Kaduna da Zariya, suka je Ikko ziyarar karatu a sansanonin sojin ruwa. Mafi yawansu masu muƙamin manjo ne, da takwarorinsu na sojin ruwa da na sama, tare da malamansu. Wanda ya kai wannan kwas ya riga ya yi shekaru a soja, ya ci jarrabawa, kuma daga cikinsu ne ake fitar da kwamandojin bataliya, daga baya janar-janar. Akwai baƙi a cikinsu, biyar daga Ghana, ɗaya-ɗaya daga Tanzaniya da Zimbabwe da Uganda. Da yammacin Asabar, 26 ga Satumba 1992, suka hau Hercules mai lamba NAF 911 a filin Murtala Muhammed za su koma Kaduna. Manyan matuƙa biyu ne a gaba, Wing Commander Alabesunu da Wing Commander Mamadi.

Bayanan da suka fito sun nuna inji ɗaya ya mutu jim kaɗan da barin ƙasa, na biyu ya bi shi. Matuƙa suka nemi su kwantar da jirgin a wata mashigar ruwa da ke gabansu, sai na uku ya tsaya. Kimanin minti uku bayan tashi jirgin ya dulmiya cikin fadamar Ejigbo, 'yan kilomitoci daga filin. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 158, wasu lissafe-lissafen sun kai 163. Wannan saɓani kansa abin lura ne, domin jirgin da ke da cikakkiyar takardar sunayen fasinja ba a jayayya kan yawan waɗanda ke cikinsa.

Wurin da ya faɗa shi ya ƙara wa abin muni. Duk wanda ya taɓa shiga fadamar Rima a watan Satumba, ƙafa ta nutse har gwiwa ya kasa zaro ta sai an miƙo masa hannu, zai gane abin da masu ceto suka tarar: laka da ruwa da surƙuƙin itatuwa, ba hanyar mota, dare ya yi, jikin jirgin ya nutse. Aikin ceto na sosai bai kankama ba sai washegari, kuma sai da aka nemo manyan injunan kamfanin gine-gine kafin a iya buɗe jirgin. Wannan a Ikko ne fa, inda hedikwatocin rundunoni suke a lokacin, ba a wani daji mai nisa ba. Babu wanda aka fitar da rai. A farkon watan Oktoba aka yi musu jana'izar ƙasa a Abuja. Ba a yi mako uku da haɗarin ba, ranar 15 ga Oktoba, dakarun madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa Monrovia da farmaki mafi girma a yaƙin, ragowar jiragen Hercules suka koma dakon sojoji zuwa can.

Abin da aka fi faɗa a bakin mutane shi ne lodi ya yi yawa. Gaskiya ne wannan ƙirar wurin zaman soja 92 gare ta, saboda haka mutum sama da 60 ba su da kujera balle ɗamara. Amma cunkoso daban, nauyi daban. In ka ba kowane mutum kilo 90 da jakarsa, mutum 158 ba su wuce tan 14 da 'yan kai ba, ƙasa da abin da jirgin ke iya ɗauka, ga shi tafiyar Kaduna ba ta buƙatar a cika tankuna. Wani Hercules da ya fi wannan tsufa ya taɓa tashi daga Saigon ranar 29 ga Afrilu 1975 da mutum 452, ya kai su Thailand lafiya. Nauyi na iya rage wa matuƙi damar da yake da ita bayan inji ya mutu, amma nauyi ba ya kashe inji uku ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke yin haka abu ne da injunan suka yi tarayya a kansa, shi ya sa masana da yawa suka karkata ga gurɓataccen mai ko matsalar hanyar da man ke bi, ko kuma gyaran da aka yi ta ɗagawa. Wanne ne daga ciki? Amsar tana cikin rahoton kwamitin binciken soja, wanda ba a buga wa jama'a su karanta ba.

Inda aka bar rami kuwa, jita-jita ce ke cika shi. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce a kan mulki, Janar Sani Abacha na ministan tsaro. An harbe Janar Mamman Vatsa da wasu hafsoshi a 1986 kan zargin juyin mulki, an yi yunƙurin Manjo Gideon Orkar a watan Afrilu 1990 aka kashe sojoji da dama bayansa. Da jirgi cike da manjoji ya faɗi, mutane suka haɗa wannan da wancan. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya kawo hujjar cewa da gangan aka yi ba, kuma sakaci kaɗai ya isa ya yi wannan ɓarna. Sai dai gwamnatin da ta riƙe rahoto a aljihu ba ta da bakin ƙorafi in an zarge ta. Abin da ya bi Sikorski shekara 65 shi ne ya bi Ejigbo. Matan mamatan kuma, akasarinsu matasa da ƙananan 'ya'ya, an yi musu alkawarin gidaje da karatun yara, suka shafe shekaru suna bin ofisoshi, jaridu na buga kokensu duk zagayowar Satumba.

Don a ga bambancin, a dubi haɗarin da ya girgiza ƙasar Sakkwato wata 14 kafin Ejigbo, lokacin Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri duk suna cikin Jihar Sakkwato, don sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana aiki da sunan Nigeria Airways, ya ɗebi alhazai 247 da ma'aikata 14 daga Jidda zai sauke su a Sakkwato. Biyu daga tayoyinsa iskarsu ta yi ƙasa tun kwanaki. Da safiyar ranar makanikin ya nemi a ƙara musu iskar naitirojin, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar ya ƙi a jinkirta tashi. A kan titi taya ɗaya ta fashe, ta kusa da ita ta bi, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙa ba su san da wutar ba, suka ɗaga, suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi, wato suka shigar da wutar ƙarƙashin ƙafafun alhazai. Sun juyo za su sauka, jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titi. Duka 261 suka rasu.

Abin da ya sa na iya ba da wannan labari taya bayan taya shi ne an buga rahoton. An san wace taya ce, an san an sauya alƙaluma a takardar gyara, an san wanda ya ce a tafi. Masana'antar jirage ta ɗauki darasi kan auna iskar taya da sa na'urar jin zafi a ramin tayoyi, kamfanin kuma ya rushe a 1993. Haka haɗarin Kano na 24 ga Yuni 1956, lokacin da jirgin BOAC ƙirar Argonaut ya tashi cikin hadari zai nufi Tarabulus, iska ta juya masa farat ɗaya ta danno shi ƙasa, ya daki bishiya, mutum 32 cikin 45 suka mutu. Rahotonsa na fili ne, shi ya sa bayan shekaru masanin yanayi Ted Fujita ya iya komawa gare shi lokacin da yake bayyana irin wannan iska mai dannowa daga gindin hadari. Sanin bai hana a sake ba. Irin wannan iskar ce dai ta kayar da jirgin ADC a Tungar Madaki ranar 29 ga Oktoba 2006, yana tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, inda mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Amma ko a nan an fito an faɗi cewa matuƙa sun tashi cikin yanayin da aka gargaɗe su a kansa, kuma ba su bi ƙa'idar kuɓuta daga iskar yadda ya kamata ba. Iyali na iya ƙin yarda da rahoto, amma suna da abin riƙewa su karanta.

Tushen bambancin yana cikin doka. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa ƙa'idojin sufurin sama na duniya, ta ce ba ta shafi jiragen soja da na kwastan da na 'yan sanda ba. Ƙa'idar da ke tilasta a yi bincike mai zaman kansa a kuma fitar da rahoto, ta jiragen farar hula ce. Soja shi ke binciken kansa, shi ke yanke abin da za a ji. Akwai dalilin da za a iya fahimta a tsakiyar yaƙi, kada abokin gaba ya san jirage nawa suka rage maka. Amma wane sirrin yaƙi ne ke cikin tankin man jirgin da ya faɗi a 1992? Wasu ƙasashen sun sassauta, rundunar sojin saman Amurka kan fitar da rahoton haɗurranta ga jama'a. Aljeriya kuwa, da jirginta Ilyushin ya faɗi yana tashi daga sansanin Boufarik ranar 11 ga Afrilu 2018 ya kashe mutum 257, zaman makoki na kwana uku aka fi ji daga gare ta.

Yaƙin da ake yi yanzu ya matso gida, daga dajin Zamfara har kudancin Kebbi, inda aka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni 2021. Wata huɗu kafin nan aka sace na Kagara a Jihar Neja. Ranar 21 ga Fabrairu 2021 wani ƙaramin jirgin sojin sama ƙirar King Air 350 ya tashi daga Abuja zai je Minna aikin leƙen inda aka ɓoye yaran Kagara. Jim kaɗan matuƙin ya sanar da hasumiya cewa inji ya samu matsala, ya juyo, ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum bakwai ne a ciki, duka suka mutu. Bayan wata uku cif, 21 ga Mayu, wani King Air ɗin ya faɗi a Kaduna yana ƙoƙarin sauka cikin ruwan sama, da babban hafsan sojin ƙasa Laftanar-Janar Ibrahim Attahiru da mutum goma. A wannan karon rundunar ta yi abin da ba a saba gani ba, ta gayyaci hukumar binciken haɗurran jiragen farar hula ta shigo aikin. A watan Satumba na shekarar hukumar ta miƙa rahoton wucin gadi ga babban hafsan sojin sama, Air Marshal Oladayo Amao. Jaridu sun ba da labarin miƙa shi, har da yawan shawarwarin da ya ƙunsa, amma rundunar ba ta saki abin da ke cikinsa ba.